Cocin Ƙauye Ya Girmi na Birni: Yadda Ikkilisiya Ta Yi Saiwa a Filato

Hedikwatar cocin COCIN (Church of Christ in Nations) tana Jos. Ta cocin ECWA (Evangelical Church Winning All) ma tana Jos, haka ta TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. Manyan majami'u masu bene, makarantun tauhidi, asibitin Jankwano, shagunan littattafan addini, duk suna cikin birni ko a gefensa. Shi ya sa yawancin matasanmu suka tashi da tunanin cewa daga Jos bishara ta gangara zuwa ƙauyuka. Tarihi bai faɗi haka ba. A 1907 an riga an buɗe tashar mishan a Langtang da Panyam, Katolika kuma sun sauka a Shendam a wannan shekarar. Jos kuwa sai wajen 1915 ta zama gari mai tsari, bayan haƙar kuza ta jawo mutane, jirgin ƙasa daga Zariya kuma ya iso a 1914. Cocin ƙaramin gari shi ne babba, shi ya haifi na birni. Wanda yake so ya gane yadda ikkilisiya ta yi ƙarfi a wannan jiha, sai ya bar Jos ya nufi hanyar Mangu, ko Pankshin, ko Langtang, ko ya bi ta Miango.

Me ya kai 'yan mishan ƙauye tun farko? Ba son zaman karkara ba ne. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Daga nan aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Ko Dokta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, wanda ya samu zama a cikin birnin Zariya, daga baya sai da aka mayar da aikinsa Wusasa a bayan gari. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta ƙabilun da ke kan duwatsu da kewayensu, masu bin addinin gargajiya. Da Karl Kumm, Bajamushen da ya jagoranci ƙungiyar SUM (Sudan United Mission), wadda daga baya ta haifi COCIN, ya iso a 1904 tare da Ambrose Bateman da John Burt da Lowry Maxwell, a gindin Dutsen Wase suka yada zango. Amma Wase garin sarki ne na Musulmi, aikin bai samu shiga ba, sai suka matsa zuwa Langtang a ƙasar Tarok. Ita kuwa SIM (Sudan Interior Mission), wadda daga baya ta haifi ECWA, ta sha wuya tun kafin nan. Mutum uku suka sauka a Legas a 1893, biyu daga cikinsu, Walter Gowans da Thomas Kent, suka rasu a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 suka kafu a Patigi, daga can suka hauro Kwoi da Kagoro da Miango. Sudan da ke cikin sunan waɗannan ƙungiyoyi ba ƙasar da muka sani yau ba ce, sunan da ake kiran duk yankin da ke kudu da Sahara ne a wancan zamani.

Abin da ba a cika faɗa a wa'azin bikin cika shekaru ba shi ne irin jinkirin da aikin ya yi. Daga saukar Wase a 1904 zuwa ranar da SUM ta naɗa fastocinta na farko 'yan ƙasa a wannan yanki, a 1938, shekara 34 ke nan. Yaron da aka haifa ranar da suka iso ya riga ya yi aure ya tara iyali kafin a ga fasto baƙar fata. Kuma ba taurin kai ne ya hana kakanninmu karɓa da wuri ba, suna da dalilansu. Baturen da ya zo da bindiga ya ƙona gari ya ɗora haraji, da Baturen da ya zo da littafi, launin fatarsu ɗaya, kuma sau da yawa a jere suka zo. Ta yaya dattijo zai bambanta su? Sannan addinin gargajiya ba abu ne da mutum yake yi shi kaɗai a ɗaki ba. Shi ke tsara lokacin shuka da girbi, da kaciyar samari, da farauta, da binne mamaci. Wanda ya ce ya bar shi, a idon dangi ya fita daga gida ne gaba ɗaya, kuma idan fari ko annoba ta zo, an san wanda za a nuna wa yatsa. Ga batun burkutu, wanda da shi ake biyan masu gayya. Ga batun dodo, wanda asirinsa na maza ne, ana kuma tsoron masu bi za su tona shi a gaban mata.

Saboda haka waɗanda suka fara zuwa ba masu faɗa a ji ba ne. Samari ne da ke yi wa Bature aikin gida, da marayu, da marasa lafiya da suka zo neman magani, da kutaren da dangi suka ware. Asibitin Vom da Dokta Percy Barnden ya fara a 1922, da wurin jinyar kutare na Mangu, sun buɗe ƙofofin da wa'azi bai iya buɗewa ba. Mutumin da aka wanke masa gyambon da ya shekara yana ɗoyi ba ya bukatar dogon bayani kafin ya zauna ya saurara.

Akwai tabo ɗaya a wannan zamani da ya kamata mu faɗe shi a fili. Dokar da ta hana mai mace fiye da ɗaya baftisma ta sa wasu magidanta suka sallami matan da suka aura bisa al'ada, matan da ba su yi laifin komai ba, wasu da goyo a baya. Waɗansu mazan kuma suka ƙi sakin iyalinsu, suka shekara da shekaru suna zuwa sujada, suna ba da baiko, suna ɗaukar dutsen gini, amma ba su taɓa cin Jibin Ubangiji ba har suka mutu. Ina ganin an yi wa matan nan rashin adalci, kuma tarihin coci da ya tsallake su bai cika ba.

Cikin shekaru takwas, daga 1930 zuwa 1938, abubuwa suka juya. A 1930 CMS ta miƙa wa SUM tashoshinta na Panyam da Kabwir, aikin ƙasar Mwaghavul da Ngas ya haɗu da na Tarok da Berom a hannu ɗaya. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A 1934 aka buɗe makarantar horarwa ta Gindiri. A 1938 aka naɗa Toma Tok Bot daga ƙasar Berom, da Bali Falang daga Langtang, da David Lot daga Panyam. Waɗannan abubuwa huɗu a ɗaure suke da juna, kuma abin da ya ɗaure su shi ne Hausa.

A nan ya kamata a tsaya. Filato tana da harsuna da yawa ƙwarai, wani lokaci ƙauye biyu da ke kallon juna ba sa jin maganar juna. 'Yan mishan sun fara da koyon harsunan gida, sun fassara wasu sassan Linjila a cikinsu, amma ma'aikatan kaɗan ne, harsunan kuwa ba iyaka. A gefe guda Hausa ta riga ta shiga ko'ina ta hanyar fatauci, da kotun alƙali, da masu karɓar haraji. Sansanonin kuza sun ƙara mata ƙarfi, don duk saurayin da ya je leburanci neman kuɗin haraji, ko aka kai shi aikin tilas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Hausa yake dawowa a baki. Da Littafi ya fito da Hausa, sai ya zama Batarke da Baberome da mutumin Panyam za su zauna aji ɗaya a Gindiri, malami ɗaya ya koyar da su, su rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi. Aka kuma samu damar tura mai bishara zuwa ƙabilar da ba tasa ba. Ba don Hausa ba, da abin da za a samu tarin ƙananan coci-coci ne na ƙabila, kowa da nasa. Amma an biya farashi. Harsunan gida sun koma na tsakar gida da gona, mutane suka saba da cewa da Hausa ake yin addu'a, wasu ƙabilun ma sai a 'yan shekarun nan suka samu Sabon Alkawari da harshensu. Duka biyun gaskiya ne, ribar da asarar, kuma ban ga amfanin ɓoye ɗaya don a ɗaukaka ɗaya ba.

Wanda ya ɗauki nauyin aikin a zahiri shi ne mai bishara. SUM ta riƙe wata manufa mai tsauri: ikkilisiya ta mulki kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa kanta. Ma'anarta a aikace ita ce ba za a aiko da albashi daga Ingila ba. A Gindiri ana koya wa ɗalibi Littafi, ana kuma koya masa noma da sana'ar hannu, matarsa ma tana shiga aji. Idan ya gama, sai a tura shi ƙauyen da ba mai bi ko ɗaya. Ya je ya gaida dagaci, ya roƙi fili, ya kafa bukka, ya yi noma kamar kowa. Da yamma ya tara yara a gindin bishiya ya koya musu a, ba, ca. Karatun nan shi ne ƙugiyar, don a ƙasar da takardar haraji da wasiƙa suka fara mulki, yaron da ya iya karatu ya zama abin alfaharin gidansu. Matar mai bishara kuma tana karɓar haihuwa, tana koya wa mata tsabtar jariri. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1950, Peter Batchelor ya zo da shirin Faith and Farm, wanda ya haɗa bangaskiya da noman shanu da kiwo. Za a iya cewa Turawa sun yi rowa, su suna da albashi da hutu, ɗan ƙasa kuwa an bar shi da fartanya. Akwai gaskiya a wannan ƙorafi. Amma sakamakonsa shi ne mutanen ƙauye ba su taɓa ɗaukar cocin a matsayin kayan Bature ba, tun da da guminsu aka yi shi.

Ginin kansa yana ba da labarin. Ana farawa a inuwar bishiya. Sai rumfar kara. Sai ɗakin ƙasa mai jinka, inda karin maganar nan ta hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka take zama zahiri, don sai an tara maza kafin a ɗora ta. Kujerun ma na ƙasa ne, a jere, maza gefe ɗaya mata gefe ɗaya. Ƙararrawa kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataya a reshe. Ranar da aka sa kwano babbar rana ce, ana tunawa da ita kamar ranar haihuwa. Bayan kwano sai bulo da siminti, sai gidan fasto, sai janareta da lasifika. Kowane mataki yana iya cin shekara goma, don kuɗin ba daga aljihun mutum ɗaya yake fitowa ba. Baiko a lokacin mudun acca ne, da damin dawa, da ƙwai, da kaza, a yi gwanjonsu bayan sujada. Akwai gonar ikkilisiya da ake nomawa da gayya. Akwai godiyar kaka, wadda a ƙauye ita ce kasafin kuɗin shekara gaba ɗaya. Idan damina ta yi kyau, dankali ya yi daraja a kasuwar Mangu ko Bokkos, gini ya tashi. Idan ta ƙi, bango ya tsaya a iya taga sai baɗi.

Ta fuskar mulki ma hawa-hawa ne. Wurin wa'azi yana ƙarƙashin uwar coci har ya samu isassun masu baftisma da dattawa, ya kuma nuna zai iya riƙe ma'aikaci. A COCIN daga nan sai a zama CC, wato ikkilisiya mai kwamitinta, a hau LCC, majalisar ƙaramin yanki, LCC da yawa su haɗu su zama RCC, majalisar babban yanki. A ECWA kuwa LCB ne, majalisar coci ɗaya, sai LCC, sai DCC, majalisar gunduma. Waɗannan haruffa ba ado ba ne ga mutumin ƙauye. Ranar da aka ba su LCC, ranar ce suka daina tafiyar mil da yawa don a ɗaura musu aure ko a yi wa 'ya'yansu baftisma.

Idan aka tambaye ni wa ya riƙe cocin ƙauye ya hana shi faɗuwa, zan ce Zumuntar Mata, ba tare da na yi dogon tunani ba. Su ne suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa da ka daga rafi. Su ke ciyar da baƙi a taro, su ke kwana a gidan makoki, su ke zuwa gaida mai jego da sabulu da itace. Suna da asusunsu, kuma sau da yawa idan na dattawa ya ƙare, nasu ake rance. Babban abin da suka yi shi ne na waƙa. Waƙoƙin da Turawa suka kawo fassara ce, da muryar ƙasarsu, kuma da farko an ɗauki ganga a matsayin kayan tsafi. Mata ne suka shigo da tulu da caki da ganga, suka ɗauki labarin Littafi suka zuba shi a muryar da ake daka da niƙa da ita, ɗaya ta bayar sauran su amsa. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta haddace labarin Yusufu da na Rut ta wannan hanya. Da yawa daga cikin mazan da suka ƙi sauraron mai bishara, matansu ne suka jawo su a hankali, shekara bayan shekara. Duk da haka, je ka duba allon sunayen da ke rataye a ofishin coci. Fastoci ne a jere. Da wuya ka ga sunan shugabar mata ta farko.

Kafin Nijeriya ta samu 'yanci, coci-cocin nan sun riga sun samu nasu. An kafa ECWA a 1954, aka kafa tarayyar TEKAS a 1955, wadda ta zama TEKAN daga baya. Makarantun Gindiri sun yaye malamai da ma'aikatan jinya da na gwamnati, Fasto David Lot ma ya shiga siyasar yankin tsakiya ya zama ɗaya daga cikin muryoyinta. A shekarun 1960 shirin Sabon Rai Don Kowa ya ba talakan coci aikin da a da ake bar wa malamai: ƙananan ƙungiyoyin addu'a, da fita biyu-biyu gida-gida. Wurare da yawa a lokacin ne cocin ya tashi daga na tsiraru ya zama na gari. Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, coci ya rasa wani hannu nasa, amma ya riga ya tsaya da ƙafafunsa.

To amma yawan gini ba shi ne girma ba. Wani cocin an haife shi ne don mutane sun yi yawa, ko unguwa ta yi nisa, wannan haihuwa ce ta lafiya. Wani kuwa rigimar sarauta ce ko ta gona ta shigo cikin majalisar dattawa, gida biyu suka ƙi zama a benci ɗaya, aka raba aka kira shi ci gaba. A rahoto duka biyun lamba ɗaya suke ƙarawa. Ga kuma matasa da suka yi boko suna son sujadar Turanci da jita da kibod, iyaye suna son Littafin Waƙoƙi, sababbin coci-coci na Fentikos kuma sun buɗe a bakin kasuwa suna jiran wanda ya gaji. Yawancin wurare sun sasanta da sujada biyu, ta Turanci da safe, ta Hausa daga baya. Ya kashe wutar, amma ya sa jika da kaka ba sa ƙara zama a sujada ɗaya, kuma wannan asara ce da ba a lissafa ba.

Sai kuma abin da ya fi duka nauyi. Tun rikicin Jos na Satumba 2001, da na Yelwan Shendam a 2004, da na Jos a 2008, da Dogo Nahawa a 2010, har zuwa Mangu a 2023 da harin jajibirin Kirsimeti na 2023 ɗin a Bokkos da Barkin Ladi, ƙaramin gari ne yake shan mafi yawan wuya. An ƙona majami'u, an ƙona masallatai, Kirista da Musulmi duk sun binne nasu. Maƙwabtan da a da suke aika wa juna abincin Kirsimeti da naman Sallah, da Bafulatanin da ke kawo nono ƙofar gidan fasto, yau wasu ba sa iya ratsa unguwar juna. Ga cocin ƙauye, hari ba ya ƙarewa ranar da aka yi shi. Tun da duk tsarinsa a kan gona yake, idan mutane suka gudu ba su yi noma ba, babu godiyar kaka, babu abin riƙe fasto, babu kuɗin makarantar yara. Littafin baftisma da na aure da aka rubuta da hannu tun zamanin kakanni, idan ya ƙone ya tafi ke nan. Cocin da ke garin da ya tsira kuma sai ya koma sansanin 'yan gudun hijira, ajin makarantar Lahadi ya zama ɗakin kwana.

Ko ba rikici, ƙauye yana zubar da jini a hankali. Shi ke rainon yaro, ya koya masa karatu, ya yi masa baftisma, ya tara masa kuɗin mota zuwa makaranta. Ranar da ya fara ɗaukar albashi, zakkarsa a Jos ko Abuja take shiga. Cocin birni yana sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin 'ya'yan da wani ya raina, cocin da ya raine su kuma yana jiran Disamba, lokacin da za su zo da motoci a yi gidauniya, a yi alkawari a lasifika, rabi a cika rabi a manta. Fastoci ma mutane ne. Ko inda aka daidaita albashi, wanda aka tura ƙauye ya san ba asibiti kusa, ba makarantar kirki ga 'ya'yansa, ga barazanar dare, shi ya sa wasu ke ɗaukar canjin wurin aiki zuwa karkara kamar horo.

Gyaran ba ya bukatar sabon ilimi, tsarin yana nan. Kowane babban coci a Jos ko Abuja zai iya ɗaukar cocin ƙauye ɗaya ko biyu a rubuce, da kaso sananne daga baikonsa na wata-wata, ba sai an jira gidauniya ba. Majalisun RCC da DCC za su iya sa ƙarin alawus da tallafin karatun yara ga wanda ya karɓi aikin karkara, su kuma daina tura sabbin fastoci kaɗai can alhali ƙwararru suna taruwa a birni. Littattafan baftisma da na aure kuwa, matashi ɗaya mai waya zai iya ɗaukar hoton kowane shafi cikin yini guda, a ajiye kwafi a hedikwata. Ya kamata a fara da ƙauyukan Bokkos da Mangu da Riyom da Bassa, inda haɗarin ya fi kusa, kuma a yi shi cikin wannan rani kafin ruwa ya sauka hanyoyi su lalace.